Kwalejin kimiyya ta kwana ko sakandaren unguwa: abin da iyaye ke gani da abin da yara ke gani

Bayan sallar isha'i Yaya ta shigo gidana riƙe da takardar sakamakon zango na biyu. Ɗanta na fari yana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Ta ajiye takardar a gabana ta ce, "Kawunsu, kai ka yi makarantar kwana, yanzu kuma kana koyarwa a ta jeka-ka-dawo. Yaron nan a saya masa fom ɗin kwalejin kimiyya ne, ko a bar shi ya ƙarasa a nan unguwa? Babansa ya ce duk abin da ka gani shi za a yi." Na ce mata, "Yaya, ki ba ni mako biyu." Ban so in ba ta amsa da abin da na sani shekara talatin da suka wuce ba, domin makarantar da na yi a wancan lokacin ba ita ce ta yau ba, ko da sunanta bai sauya ba.

A cikin makonni biyun nan na tambayi iyaye, a majalisarmu ta ƙofar gida da masallaci da wurin aiki. Na kuma tambayi yara, waɗanda ke cikin makarantun yanzu da waɗanda suka gama bara ko bara waccan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, uba da ɗansa za su ba ka labarin makaranta ɗaya, amma ka rantse makarantu biyu suke nufi. Uba yana maganar sunan makaranta, da katanga, da yawan likitocin da ta yaye. Yaro yana maganar wane malami ne ke shiga aji, ƙarfe nawa ake samun ruwa, da abin da ke faruwa bayan an kashe fitila. Duk wanda ya yanke shawara da bakin ɓangare ɗaya, rabin makarantar ya gani.

Da farko dai, "makarantar gwamnati" a Kano ba abu ɗaya ba ce. Akwai manyan sakandare na jiha, mafi yawansu na jeka-ka-dawo, waɗanda ke ɗaukar kusan duk yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare. Akwai kwalejojin da ke ƙarƙashin Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha, waɗanda ke da tasu jarrabawar shiga, kuma yaro kan fara su daga aji ɗaya na babbar sakandare. Akwai kuma kwalejojin gwamnatin tarayya, irin ta Kano da ke kan titin Zariya da ta 'yan mata da ke Minjibir. Su waɗannan babbar ƙofarsu tun daga aji shida na firamare take, ta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa, kuma hidimarsu ta fi ta jiha nauyi a aljihu. Ga yaron Yaya wannan ƙofar ta riga ta wuce, don haka zaɓinsa biyu ne.

Sunan da kwalejojin kimiyya suka yi ba a banza suka yi shi ba. A 1977 aka buɗe na farko guda biyu, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, a lokacin da jihar Kano ke fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta. Dabarar mai sauƙi ce: a tace yara masu ƙoƙari, a tara su wuri ɗaya, a ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje, a tsare musu lokacinsu. Daga baya aka ƙara wasu, har da ta 'yan mata a Taura, wadda ta koma Jigawa tare da ta Kafin Hausa da aka ƙirƙiri jihar a 1991. Yau akwai ta Gaya mai sunan Maitama Sule, akwai ta 'yan mata a Garko, da wasu. In ka shiga Asibitin Malam Aminu Kano ko Jami'ar Bayero ka bi tarihin manyan likitoci da malamai, za ka yi ta cin karo da tsofaffin ɗaliban waɗannan makarantu. Wannan tarihin ne ke bakin iyaye idan sun ce "a kai shi Dawaki". Gaskiya suke faɗa, amma gaskiyar ta waɗanda suka gama ce. Uban da zai kai ɗansa bana yana buƙatar labarin bana.

Da na zauna da yaran da ke kwalejojin kwana yanzu, abin da suka fi yabawa ba gini ba ne, ba kuma malamai ba ne. Abokan aji ne. Wani ya ce mini a tsohuwar makarantarsa shi ne na ɗaya tun daga aji ɗaya, ko bai buɗe littafi ba, amma zangonsa na farko a kwalejin kimiyya ya tsinci kansa a tsakiyar aji, kuma ranar ne ya san cewa bai iya lissafi ba. Wannan shi ne babban abin da jarrabawar shiga ke saya wa yaro: aji wanda kowa a cikinsa ya iya karanta Turanci ya fahimta, ta yadda malamin fiziks zai fara daga fiziks. A ajin da nake koyarwa, nakan sami yaron da ya isa ya shiga jami'a gobe zaune kusa da wanda har yanzu yake haɗa baƙi kafin ya karanta jimla. Minti arba'in gare ni. In na bi mai sauri na zubar da rabin aji, in na tsaya wa mai rauni na ɓata wa mai sauri lokaci. Kullum mai ƙoƙarin ne ke asara, domin shi ba ya kuka, sakamakonsa ma yana nuna shi ne na ɗaya, iyayensa suna ta murna.

Abu na biyu da suka yaba shi ne firef, wato zaman karatun yamma da na dare da ake tilasta wa kowa. A nan ne bambancin gaskiya yake, kuma a nan nake so iyaye su daɗe suna tunani. Ɗan jeka-ka-dawo yana tashi daga makaranta wajen azahar. Daga nan zuwa kwanciyar barci akwai awa bakwai ko takwas, kuma makaranta ba ta da iko da ko minti ɗaya a cikinsu. A wani gidan waɗannan awannin sun kasu daidai: abinci, Islamiyya bayan la'asar, karatu bayan magariba, ga uwa ko yaya mai duba littafi. A wani gidan kuwa aike ne, jiran shago ne, ɗiban ruwa ne, gidan kallon ƙwallo ne, sai waya har tsakar dare. Makarantar kwana tana karɓe waɗannan awannin daga hannun gida ta riƙe su da ƙararrawa. Ga yaron da gidansu ba mai tsare masa lokaci, wannan kaɗai ya isa dalili. Ga yaron da gidansu ke tsare masa lokaci fiye da yadda makaranta za ta iya, ribar ta ragu ƙwarai.

Sai dai ƙararrawa ba ita ke riƙe da ɗakin kwana ba. Siniyoyi ke riƙe da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan bakin yara ya sha bamban da na iyaye. Kusan duk uban da na tambaya cewa ya yi makarantar kwana tana koya wa yaro juriya da tsayawa da ƙafarsa, wahalar siniyoyi kuma tarbiyya ce, mu ma mun sha. Yaran ba su musanta juriyar ba. Amma sun ba ni labarin ɗan aji ɗaya da ke tashi kafin asuba ya ɗebo wa mutum uku ruwa kafin ya ɗebi nasa, da wanda ake ƙwace wa garin kwaki da sukari daren ranar ziyara, da gwale-gwale da tsallen kwaɗo a kan laifin da ba a yi ba, da wanda ke barci a aji saboda ya kwana wanki. Ni kaina na sha irin wannan a makarantar da na yi, kuma ban yarda cewa shi ya gyara ni ba. Abin da ya gyara ni malaman kirki ne da zaman firef. Cin zalin ya cinye mini zango guda ne kawai, ya kuma kori wani abokina mai kaifin ƙwaƙwalwa daga karatu gaba ɗaya. Wannan matsala ba ta makaranta ɗaya ba ce, kuma ba ta kan tsaya a mataki ɗaya ba: ta danganta da shugaban makarantar da ke kan kujera, da ko malaman da aka ba kula da ɗakunan kwana suna kwana a cikin makarantar ko suna komawa gari da yamma. Wannan tambaya ce da uba zai iya yi kai tsaye, kuma amsarta ta fi launin fentin ƙofa muhimmanci.

Abinci da ruwa da lafiya su ma haka. Iyaye kan ɗauka cewa tunda gwamnati ke ciyarwa, an sauke musu nauyi. Yaro zai gaya maka cewa abincin makaranta na riƙe rai ne, kuma wanda ba a haɗo masa gari da ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan kuɗin kashewa ba, yunwa za ta hana shi fahimtar darasin bayan tara. A tambayi rijiyar burtsatse nawa ke aiki, ba nawa aka haƙa ba. A tambayi wa ke duba yaro idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi ƙarfe biyun dare, kuma wace mota ce za ta kai shi asibiti. Yaron da ke da sikila, ko asma, ko gyambon ciki, ko fitsarin kwance, ni ban ga dalilin da zai sa a kai shi kwana ba, komai sunan makarantar.

Maganar tsaro kuwa ba wanda zai ce iyaye sun yi zuzutawa. Daga Chibok a 2014, zuwa Dapchi a 2018, zuwa makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 inda aka kwashe yara fiye da 300, zuwa Kagara da Jangebe da Birnin Yauri a 2021, an nuna mana cewa ɗakin kwanan ɗalibai na iya zama abin hari. A Fabrairun 2021 gwamnatin Kano da kanta ta rufe wasu makarantun kwana na wajen birni saboda wannan fargaba. Ko da ba a taɓa kowa ba, rufe makaranta na makonni asarar karatu ce ga ɗan aji uku da jarrabawa ke gabansa. Amma a nan ma a duba kowace makaranta da inda take: nisanta da gari, nisanta da daji, lafiyar katangarta, da jami'an tsaro mafi kusa. Kuma kada a manta cewa hanyar unguwa ma tana da nata haɗarin. Yaron da ke ratsa lungunan da ake faɗan daba da ƙwacen waya da sayar da ƙwaya sau biyu a rana, shekara uku, shi ma a cikin haɗari yake, sai dai nasa ba ya fitowa a rediyo.

Yanzu ga sakandaren unguwa, wadda iyaye suka fi rainawa. Abin da suke faɗa a kanta sananne ne: cunkoso, yara a ƙasa, tagogi babu marufi, malamai ba sa shiga aji. Akwai gaskiya mai yawa a ciki. Gwamnatin jiha da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma ba a yin haka a inda abubuwa ke tafiya daidai. Amma da na saurari ɗalibanta, sai na ga ba su yi wa makarantarsu kuɗin goro yadda iyayensu ke yi. Su darasi-darasi suke auna ta. Za su ce maka malamin lissafinmu ba ya fashi, har Asabar yana kiran mu kyauta. Malamar bayoloji ta iya koyarwa. Kemistiri kuwa tun da ɗan bautar ƙasa ya tafi ba a kawo wani ba. Fiziks sai dai a ba mu rubutu mu kwafa. Wannan bayanin ya fi "makarantar ta lalace" amfani nesa ba kusa ba, domin yana nuna maka daidai inda ramin yake, kuma rami ɗaya ko biyu ana iya cike shi da lesin.

Ta kuma fi makarantar kwana a wasu abubuwa da ba a cika lissafawa ba. Yaro yana cin abincin uwarsa, yana kwana inda ake ganinsa. Idan ya fara sauya hali, a cikin mako za a lura, ba sai an jira hutun ƙarshen zango ba. Haddarsa da Islamiyyarsa ba sa yankewa, kuma iyaye da yawa sun gaya mini wannan ne ya hana su kai yaro kwana, musamman wanda ya yi nisa a hadda. Yana iya koyon sana'a da yamma, ɗinki ko gyaran waya ko aikin sola, wanda a wannan zamanin ba ƙaramin jari ba ne. Sannan akwai zaɓin fanni. Kwalejin kimiyya hanya ɗaya ta shimfiɗa. Yaron da zuciyarsa ke kan aikin lauya yana buƙatar kiredit a adabin Turanci, mai son aikin banki ko akanta yana buƙatar darussan kasuwanci, kuma waɗannan a babbar sakandare ta gama-gari ake samun ajinsu. Na ga yara da dama da aka tura kimiyya don uba yana son a kira shi baban likita, suka yi shekara uku suna kokawa da kemistiri, suka fito da sakamakon da bai kai su likitanci ba, bai kuma ba su damar komawa abin da suke so ba sai da suka sake zama jarrabawa. Wanda kuma hannunsa ya fi bakinsa iya bayani, a duba masa kwalejojin fasaha irin na Ungogo da Bagauda da Wudil, inda ake zana jarrabawar NABTEB, ta kammala makarantun fasaha, a fito da sana'a a hannu.

Inda sakandaren unguwa ta fi rauni ga ɗan kimiyya shi ne ɗakin gwaje-gwaje. A WAEC da NECO, fiziks da kemistiri da bayoloji kowanne yana da takardar aikin hannu mai makinta daban. Yaron da bai taɓa riƙe kwalbar awo ya ɗiga asid a cikin ruwan gwaji har launi ya juya ba sai ana saura mako biyu jarrabawa, an fafe masa gora ranar tafiya. A kwalejojin kimiyya ma kayan sun tsufa a wurare da yawa, amma al'adar shiga lab tana nan, kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sukan tallafa. Tambayar da za a yi wa yaro ɗan aji biyu, a kowace makarantar, ita ce: sau nawa ka shiga ɗakin gwaje-gwaje a zangon da ya wuce, kuma kai ka taɓa kayan da hannunka ko malam ne ya yi kuna kallo?

Batun kuɗi yana ruɗar mutane ta fuska biyu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatu kyauta ne har aji uku na ƙaramar sakandare, a 2019 kuma gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole har sakandare. Duk da haka kowane uba ya san akwai abin da ke fita daga aljihunsa. Na kwana yana fita ne a dunƙule: katifa, bokiti, akwati, gidan sauro, kayan makaranta da na zaman ɗaki, kayan ci na farkon zango, da kuɗin motar ziyara. Shi ya sa yake da ban tsoro. Na jeka-ka-dawo yana fita ne kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba a jin sa. Amma a ɗauki biro a lissafa. A ce kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa naira 500 ne a rana, a kwana 60 na zango ya zama naira 30,000, ba a sa kuɗin tara ba, ba a sa lesin ba, ba a sa abincinsa na gida ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, na san gidajen da wannan lissafin ya nuna musu kwana ta fi sauƙi. Wanda makaranta ke bayan gidansu yana tafiya a ƙasa, nasa lissafin daban ne. Kowa ya yi da farashin unguwarsu.

Sai sakamakon jarrabawa, wanda shi ne ma'aunin da iyaye suka fi dogara da shi, kuma shi ne ya fi saurin yaudara. Kowa ya san abin da ake nema: kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Kowa kuma ya san akwai wuraren da ake rubuta amsa a allo, na gwamnati da masu zaman kansu. Makarantar da aka ce kowa ya ci kiredit tara ba lallai ne ta fi wadda rabin ajin suka faɗi lissafi koyarwa ba. Ma'aunin da ya fi wuyar murɗawa shi ne JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, darasi huɗu, maki 400, yaro shi kaɗai da allonsa. Idan makaranta tana fitar da A da B a kemistiri amma ɗalibanta ba sa iya kai maki 200 a JAMB, an san inda A ɗin ta fito. Don haka a tambayi waɗanda suka gama bara: nawa kuka ci a JAMB, kuma mutum nawa a ajinku suka sami gurbi a jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko ta Zariya, a fannin da suka nema? A tambayi kuma yadda makarantar ke yi a jarrabawar kwalifayin ta aji biyu, wadda da ita gwamnatin jiha ke tace waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Faɗuwa a wannan jarrabawar kuɗi ne tsababa a kan uba, kuma tana nuna ƙarfin aji tun kafin a zo shekarar ƙarshe.

Ga 'ya mace lissafin yana ɗan sauyawa. Iyaye sun fi jin tsoron kai ta kwana, kuma ina fahimtarsu. Amma 'yan matan da na ji ta bakinsu, ta hannun matata da ke koyarwa a makarantar mata, da yawansu cewa suka yi a gida ba su da awa ɗaya tasu: daga makaranta sai wanke-wanke, sai girki, sai rainon ƙanne, wata ma sai talla, da daddare kuma ga masu sallama a ƙofar gida. A makarantar kwana ne kawai aka taɓa ce musu zauna ki yi karatu. Uwar da za ta iya ɗauke wa 'yarta aikin gida na awa uku kullum, ta riƙe ta a gida. Wadda ta san ba za ta iya ba, ta je ta ga makarantar kwanan da idonta, ta zauna da matar da ke kula da ɗakunan kwana, ta ga banɗaki da wurin wanka, kafin ta ce a'a.

In an tambaye ni a taƙaice wa zan tura ina, ga yadda nake gani. Yaro mai lafiya, wanda lissafi da kimiyya ke ba shi sha'awa da kansa, wanda ya fi ƙarfin ajinsa na yanzu, wanda kuma zai iya buɗe baki ya faɗa idan an zalunce shi, kwalejin kimiyya ta fi masa, kuma ratar ba kaɗan ba ce. Haka ma yaron da unguwa ta fara ja, matuƙar ya ci jarrabawar da ƙoƙarinsa. Kada a nema masa gurbi ta bayan gida, domin wanda aka cusa cikin ajin da ya fi ƙarfinsa yakan karaya ne, ba ya kamo su. Yaro mai rauni a jiki, ko mai zurfin ciki da ba ya faɗin damuwarsa, ko mai son fannin da ba kimiyya ba, ko wanda ke tsakiyar hadda, a bar shi a gida, a zaɓar masa sakandaren da ta fi malamai ko da ta fi nisa kaɗan, a kashe kuɗin katifa da akwati a kan lesin darussan da babu malami.

Kafin in koma wa Yaya da amsa, na ɗauki yaron a babur ranar wata Talata, ba ranar ziyara ba, muka je makarantun biyu. Gani ya kori ji. A kowacce na nemi izinin shugaban makaranta, na roƙi wani ɗan aji biyu ya ba ni littafinsa na lissafi da na fiziks. Littafin rubutun yaro ba ya ƙarya: kwanan wata yana nuna ranakun da malami ya shiga, jan biro yana nuna ko ana duba aiki, inda rubutu ya tsaya yana nuna inda manhaja ta tsaya. A sakandaren unguwarsu littafin lissafi cike yake da jan biro har makon da muke ciki, na fiziks kuwa shafi shida ne tun farkon zango. A kwalejin kwana duka biyun sun yi nisa, amma layin ɗiban ruwa da muka gani da rana tsaka ya sa yaron ya yi shiru.

A hanyar dawowa na tsaya muka sha ruwa a bakin titi, na ce masa, "To, kai me ka gani?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, ina son can ɗin. Amma in na ce muku ana dukana, za ku yarda da ni, ko za ku ce in yi haƙuri?" Na ce masa zan yarda da shi, kuma ni da kaina zan zo. Da daddare na faɗa wa Yaya da babansa cewa a sayi fom ɗin, da sharaɗi biyu: duk ranar ziyara wani daga cikinmu zai je, kuma idan zango na farko ya ƙare za mu zauna da shi, shi kaɗai, mu ji ta bakinsa kafin a sake haɗa masa akwati. Yaya ta ce ta yarda, amma ita za ta fara zuwa ziyarar farko. Washegari ya kawo mini littafinsa na lissafi na aji uku, muka fara bitar tambayoyin shekarun baya bayan magariba.